Fim ɗin da ke bayan kwalbar yaji

George Town, 4 ga Maris

Zuwa ga yayana Hamizan,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Suraya da yara. Yaya sanyin ƙasar mutane? Mu nan sai godiya, ban da jikin mahaifiyarmu Mak da ke ta ja baya. Na ga yadda likita ya kalle ni.

Ka san tun rasuwar Baba, shekara ashirin da biyu, ba wanda ya isa ya ɗauki Mak hoto. Ko waya ka ɗaga sai ta ja mayafi. Tsorona kada ta tafi ba mu da fuskarta, kamar yadda ba mu da ta Baba, mutumin da ya ɗauki rabin garin nan amma shi ba a taɓa ɗaukarsa ba.

To, ranar Talata ta sa ni na buɗe firji, na lalubo bayan kwalbar yaji. Gwangwanin fim ɗin kyamara ne guda ɗaya, na Baba. Ta ce in dai da wannan ne ta yarda, in ya lalace kuma kada in sake damunta.

Babbar kyamarar Baba ta yi fumfuna, sai na tafi shagon Kawu Teoh, abokinsa mai sayar da kyamarori. Yana nan yadda ka bar shi, da fankarsa mai tari. Ina son ƙarama wadda za ta shige aljihu, don Mak na ganin babba za ta daskare. Na ɗauki wata mai sheƙi, ya make mini hannu. Wai wannan ta ragwaye ce: tana karanta lambar jikin gwangwani ta gaskata, ba ta san fim ya tsufa ba. Wai tsohon fim kamar shi yake, kunne ya yi nauyi, sai an ɗaga masa murya. Sai ya zaro wata baƙa mai ƙarce-ƙarce, da ɗan zoben da ake murzawa a gaya mata lambar da hannu. Ya ce lambar fim ɗin ɗari biyu ce, in sa kyamarar a hamsin, ta ba shi haske ya ƙoshi.

Da zan ɗura fim ɗin na ga an lanƙwasa bakinsa. Na miƙar da shi. Mak na kallona.

Yanzu kyamarar na aljihuna duk inda na yi. Na ɗauke ta tana tsince shinkafa, na ɗauke ta a baranda tana kallon jiragen fito suna ratsa hazo kamar ba sa taɓa ruwa. Wani lokaci ina jin kamar mafarki nake ɗauka. Ka taya ni addu'a.

Ƙanwarka,
Rohayu

George Town, 27 ga Maris

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka zauna kafin ka buɗe ƙaramar ambulan ɗin.

Da na je karɓar hotunan, Kawu Teoh ya tare ni da faɗa. Wai ni 'yar mai hoto, ban san Baba na lanƙwasa bakin fim in an gama ɗauka da shi ba? Ashe a kan hotunan da ke ciki na ɗora nawa. Yaya, dama ɗaya aka ba ni, na ɓata ta, na haɗa da aikin Baba na ƙarshe.

Sai na duba. Yawancinsu hayaƙi ne kawai, teku a cikin tukunya, jirgi a saman rufi. Amma na goma sha ɗaya ya fito. Mak ce a baranda, fuskarta sarai, har ɗan tabon nan na haɓa. Kawu ya ce da mai sheƙin na saya, da duhu ya cinye ta. A cikin baƙin mayafinta kuma, wajen kafaɗa, akwai wani mutum dishi-dishi, kansa a karkace, yana dariya, hannunsa a miƙe kamar yana cewa a riƙe kyamara da kyau. Kawu ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Na kai wa Mak ina ba ta haƙuri. Ta ce in daina shirme, ai ita ta lanƙwasa bakin. Wai mako biyu kafin rasuwarsa ta ƙwace kyamarar, ta ce yau shi za a ɗauka. Ba ta taɓa kai shi wanki ba, don tana tsoron a ce mata hannunta ya girgiza, babu kowa a ciki. Gara ya zauna a firji tana cewa yana nan.

Na tambaye ta me ya hana ta tsayar da ni. Ta daɗe tana shafa hoton, sannan ta ce shekara talatin suna tare, ko a ranar aurensu ba su shiga hoto ɗaya ba.

Nata yana ƙarƙashin matashinta. Ga naka nan. Ka nuna wa yara kakanninsu, kuma in da hali ka zo kafin azumi.

Taka har kullum,
Rohayu