Malafar da Aka Ɓoye a Rumbu

Kankiya,
9 ga Yuni, 1975.

Zuwa ga Yaya Hadijatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Malam Dabo da yara, kamar yadda nake nan lafiya lau. An ce kun samu ruwan shuka, Allah ya sa albarka.

Yaya, gyara zama ki karanta, don ƙanenki Gajere ya gano hanya. Ranar kasuwar da ta wuce ina bakin shago ina ɗinki, sai ga wani ma'aikaci daga Kaduna ya tsaida mota, ya tare wani Bafillace da ya kawo bijimi, ya ce lallai sai ya sayar mashi da malafar da ke kansa. Wallahi da idona na gani. Mutum da kwat ɗinsa ya ɗora ta, ya leƙa madubin mota, yana ta murmushi shi kaɗai.

Tun da aka yi ƙarin albashin nan kowane malamin makaranta ya sayi babur, suna ta yawo a rana da 'yar kube wadda ko kunne ba ta rufewa, ƙeya duk ta ƙone. Me ya kori malafa in ba raini ba? Da ita kakanninmu suka je Gwanja suka dawo. Yanzu an bar wa makiyaya da masu huɗa, kamar abin kunya. To ni zan dawo da ita, sai kin ga akawu ya shiga ofis da malafa.

Duk ƙasar Kusada babu mai saƙar malafa kamar mijinki. Ki ce mashi ya aiko mani da abin da ke hannunsa ta wajen Bube direba, in rataye a shago mu gani.

Ki gaida Malam, ki shafa mani kan yara.

Naki,
Gajere tela.

Tudun Kabo, ta Mawashi,
15 ga Yuni, 1975.

Zuwa ga Gajere,

Salamu alaikum. Na ga takardarka, muna lafiya, yara suna gaida kawunsu.

Kai dai ba ka rabo da sabon zance. Bara agogo ne, bana malafa. Wane akawu ne zai shiga ofis da rumfa a kai? Ƙofar ma ba za ta bar shi ba. Abin da mutane suka yar ba ka san dalilinsu ba, amma ba zan hana ka gwadawa ba.

Malam ba ya nan, ya tafi Kafin Soli gaisuwar rasuwa, daga can zai wuce neman kaba. Na tattara waɗanda ke ɗakinsa na ba Bube. Akwai kuma wata da na tarar a rumbu da na shiga ɗibar dawa, an naɗe ta cikin tsohon zane. Ban taɓa ganin mai kyanta ba, da jar fata a tsininta da gashin jimina kewaye. Igiyar haɓa ce kawai ba a sa mata ba. Na haɗa maka da ita don ta jawo maka ido, amma kar ka sayar, ka ji ko? Sai Malam ya dawo na faɗa mashi.

Mun gama shuka a fadama, gero ya tsiro da kyau. Mai gari Ɗanmaliki ne dai har yanzu jikin ba daɗi, ba ya fitowa sai a zaure. Ka sa shi a addu'a.

Yayarka,
Hadijatu.

Kankiya,
24 ga Yuni, 1975.

Yaya Hadijatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina mai cewa ƙofa ba za ta bari ba? Duk sun ƙare! Malaman firamare biyu, da ma'aikacin gona, da wani ɗan sanda da ya ce ta ranar hutu ce. Har rigima aka yi a kan ta ƙarshe.

Ita kuwa mai gashin jiminar, ai ita ta tara mani jama'a. Kin san Alhaji Hamma, ƙanen mai garinku, wanda ke sayen gyaɗa a nan, shi ne mai gidan da shagona yake. Ya zo wucewa ya gan ta, ya tsaya cak kamar an dasa shi. Ya tambaye ni wa ya saƙa, na ce Malam Dabo. Ya ce, “Dabo da kansa ya aiko da ita?” Na ce daga gidansa ta fito. Sai ya yi dariya, ya ɗora ta bisa rawani, ya zagaya kasuwa da ita tun daga 'yan hatsi har karar shanu. Na ce ba ta sayarwa ba ce, ya ce ai aro ya yi. Yaya, mutumin da kake zaune a gidansa ka ce mashi ya cire?

Ki faɗa wa Malam ya zage damtse. Malafa ta dawo.

Naki,
Gajere.

Tudun Kabo,
27 ga Yuni, 1975.

Gajere,

Salamu alaikum. Ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Kafin takardarka ta iso, labarin ya riga ta, 'yan kasuwa sun kawo shi da zafinsa.

Ka kashe mu, ni ma da hannuna a ciki. Malafar nan ta sarauta ce. A garin nan gidan su Malam ne ke saƙa wa mai gari malafa, guda ɗaya tak, ranar da aka naɗa shi. Ba a saƙa wata irinta sai ya kwanta dama an naɗa sabo. Saboda wannan aikin aka ba kakan Malam fadamar da muke nomawa, ita ce cinmu, ita ce shanmu. Ni ina na sani? 'Yar Kankiya ce ni, ta mai garin kuwa ta yi baƙi ƙirin don tsufa, ko a mafarki ban haɗa su ba.

Yanzu ka duba. Mutum yana kwance ba lafiya, sai a zo a ce mashi an ga ƙanensa, wanda suka yi takarar sarautar da shi, yana yawo a kasuwa da sabuwar malafar mai gari, saƙar Dabo. Me kake so ya ɗauka?

Da Malam ya dawo ya leƙa rumbu, zama kawai ya yi a ƙasa. Sai da na yi ta kuka sannan ya faɗa mani abin da ya ɓoye mani. Idonsa ne ke tafiya, yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma ya fara. Ya ji tsoron ranar da za a nemi malafar a tarar ba ya gani, a ce gidansu ya kasa, a karɓe fadamar. Shi ne ya saƙa ya ɓoye. Kuma da gangan ya ƙi sa igiyar haɓa, don a al'adarsu igiyar ita ce cikawa, sai a gaban jama'a ake ɗaura ta ranar naɗi. Wadda ba ta da igiya ba a kiranta malafa, kaba ce kawai.

Jiya aka kira shi zaure. Ya durƙusa ya faɗi duk wannan, ya rantse da Allah bai sa igiya ba. Mai gari har ya fara saukowa. Sai mutum uku suka tashi suka ce da idonsu sun ga igiya ja a haɓar Alhaji Hamma. Gajere, an mai da mijina maƙaryaci a gaban garinsu. Mai gari ya ce in ta tabbata Malam ya sa igiyar, to ya yi mashi naɗin magaji yana da rai, fadama ta bar hannunmu.

Ni na san ba igiya na aiko ta. Wa ya sa? Ka amsa mani ta hannun Bube gobe-goben nan, kuma ka karɓo ta ko ta halin ƙaƙa.

Hadijatu.

Kankiya,
29 ga Yuni, 1975.

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma ba Malam haƙuri. Na karanta takardarki.

Ni ne. Ran da ta iso na ga iska na neman ɗauke ta daga ƙusa, na ce wannan kyakkyawar aba a bar ta ba igiya? Na kai wa baduku na nan bayanmu ya sa mata. Gyara na yi niyya, Allah shi ne shaida.

Na je wajen Alhaji. Na durƙusa, na ce a taimaka a ba ni. Ya ce, “Kai yaro ne. Ni na san abin da na ɗora a kaina tun kafin a haife ka.” Na ce to zan je in faɗa wa mai gari ni na sa igiyar. Ya dube ni ya ce, “Je ka mana. In ka dawo ka nemi inda za ka kai keken ɗinkinka.” Yaya, kin san matata Rabi ta kusa haihuwa, kuma ɗakin da muke kwana ma nasa ne. Baduku kuwa ya ce shi bai taɓa ganin wata malafa ba.

Amma na yi tunani, akwai mafita. Me ya sa ta Alhaji ta zama abin magana? Don ita kaɗai ce. Malam ya saƙa irinta da yawa, in raba wa malamai da direbobi da 'yan tireda. Ran da aka ga kowa da ita a kasuwa, ta Alhaji ta zama hula kamar kowace hula, maganar ta mutu. Kuma don Allah, kaba da fata da gashin tsuntsu, a ce mutum ɗaya ne zai sa a gari guda? Zamanin nan ya wuce. Abu mai kyau na kowa ne, shi ya sa ma nake so ta dawo.

Ki lallashe shi. Maganar zuwa kuma ki ba ni lokaci in ga yadda zan yi.

Ƙanenki,
Gajere.

Tudun Kabo,
2 ga Yuli, 1975.

Gajere,

Salamu alaikum. Na karanta wa Malam takardarka tun daga sama har ƙasa.

Da na zo wajen a saƙa da yawa, sai ya ɗaga mani hannu. Ya ce guda ɗaya da ta fita ba da saninsa ba ga inda ta kai shi, shi ne zai zauna da saninsa ya zubar da abin da ubansa ya damƙa mashi? Ni kuma nawa na ƙara maka: da wane idon? Waccan tun kaka yake saƙarta yana lalube. Kana can kana zancen zamani, mu nan ko rijiya na aika yara sai a yi shiru har su wuce.

Malam ya koma zaure ya faɗi cewa ƙanen matarsa ne ya sa igiyar. Mai gari ya ce baki ya ji, yana son ya ji daga mai shi. Ya ce ranar Juma'a in an sauko, ka zo ka tsaya gabansa ka faɗa. In ka faɗa, magana ta ƙare, fadama tana nan. In ba ka zo ba, ya san abin da ke nan.

Ba takarda yake so ba, kar ka aiko da takarda. Kai yake so. Na san Alhaji zai kore ka, ban raina wannan ba. Amma keke ana ɗaukarsa a ka a sake rumfa, in ta kama ku taho nan da Rabi, akwai ɗaki a gidan nan. Fadama in ta tafi ba ta dawowa, mai nomanta kuma makancewa yake yi.

Ni na goye ka da Inna ta kwanta, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka. Bube yana tasowa daga Kankiya da hantsi, ya ce zai ajiye maka kujerar gaba.

Sai na gan ka.

Yayarka,
Hadijatu.

Tudun Kabo,
6 ga Yuli, 1975.

Zuwa ga Malam Gajere,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya da iyali. Ni ne Dabo. Yayarka ta ce hannunta ba zai ƙara rubuta sunanka ba, shi ya sa Malam Hussaini na firamare ya riƙe mani alƙalami.

Mun zauna a zaure tun da aka sauko daga Juma'a har aka kira la'asar. Mai gari da ciwonsa ya jira tare da mu. Bube ya zo ya ce ya tarar da shagonka a rufe.

An bar mani geron da ke cikin fadama in girbe. Bayan nan fadama ta koma hannun mai gari. In Allah ya kai mu kaka za mu tashi zuwa garin Boko wajen dangin uwata. Ban riƙe ka ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. An ce yanzu duk mutanen Alhaji malafa suke sawa a Kankiya, ka ga ta dawo kamar yadda ka so. Sai dai ka nemi wani masaƙin.

Yayarka ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tun safe ranar ta yanka zakara ta yi maka tuwon shinkafa, duk motar da ta ji sai ta leƙa. Da magariba ta sa aka kai wa maƙwabta.

Allah ya sauki Rabi lafiya. Wassalam.

Dabo.