Hujin da Huseina Ta Sa Aka Yi wa Ƙarfen Baba

Fagge, Kano.

Zuwa ga Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a can Kwatano. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan kalau muke. Tun da sojoji suka miƙa mulki kasuwa ta ɗan motsa, har ƙiba na yi, in ji masu neman tsokana.

Maganar sitonmu ce ta sa na rubuto. Ka tuna dogon ƙarfen da marigayi Baba ya gitta a sama, wanda ake rataya ƙugiya a ja dilolin atamfa zuwa bene? To, ya tsage, tsaga siririya kamar gashi, ga 'yan dako na kai da kawowa a ƙarƙashi. Na ce a kira Onyekachi, mai waldanmu na Sabon Gari, ya lafta masa faci. Sai autata Huseina, mai karatun injiniya, ta ce a dakata. Wai ƙarfe ma yana gajiya: ɗauka da saukewa na shekaru ke buɗe tsagar a hankali, rana ɗaya ya karye ba sallama. Ta auna shi, ta zana shi a kwamfutar makarantarsu, ta yi ta ɗora masa nauyin ƙarya tana kallon inda zai sare. Ta kawo mini hoto, bakin tsagar ja wur, wai nan nauyin ya taru. Maganinta wai a huda ƙarfen daidai wurin don nauyin ya bazu, a kuma rage kaya, kafin sabon ƙarfe ya iso bayan Salla. Yaya, a huda abin da ake tsoron ya karye! Na yi faɗa son raina, amma Onyekachi ya ce da gaskiyarta, na haƙura, aka huda ƙarfen.

Ranar gwaji 'yan dako suka noƙe. Abin ya ba ni haushi, na je na tsaya a ƙarƙashin dilar da aka rataya don su ga na yarda da 'yata. Ban ankara ba ta finciko ni har mayafina ya faɗi. Ta daka mini tsawa, wai lissafi ta yi ba alkawari ba, kuma uwa ɗaya gare ta. Dila ta hau lafiya. Ni kuwa, Yaya, ban taɓa jin daɗin tsawa irin ta ranar ba.

Ka gaida Yaya Rakiya da su Nafi'u. Inna ma tana gaishe ka, tana ta sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Kubura.