Keken Tessa da Littafin Baba

Zuwa ga ƙanwata Rhonda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aikin asibiti kuma yana zuwa da sauƙi a can Alaska. Allah ya ƙara miki ƙarfi. Mu nan lafiya lau, masara ta yi kyau bana, sai dai Baba, ban da idon, yanzu ƙirji ma ya fara matsa masa.

Maganar 'yarki Tessa ce ta hana ni sukuni. Kin san tun da Baba ya daina gani, ita ke karanta masa littafin nan mai kauri na matuƙan jirgin ruwa bayan cin abinci. Ba wanda ya sa ta. Har murya take sakewa, Baba yana dariya yana ce mata 'yar rediyo. To, da aka yi hutu, ɗakin karatu na gari ya sa gasa, wai wanda ya fi karanta littattafai da yawa zai ci keke, ke kuma kika ƙara mata da alkawarin sabuwar waya. Yarinya ta duba ta ga littafin Baba, komai kaurinsa, ɗaya za a ƙirga mata. Sai ta koma kwasar 'yan littattafan yara masu hotuna, tana shafe su kamar cin gyaɗa. Na tambaye ta labarin ɗaya daga ciki, ta ce ai ba a tambaya, suna kawai ake rubutawa.

Keke dai ta ci, yana can jingine a gareji. Amma tun daga ranar ba ta sake buɗe littafi ba. Da na yi mata zancen Baba, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce me za a ba ta. Rhonda, raina ya ɓaci ƙwarai. Garin neman gira mun rasa ido.

Don Allah ki dakata da aiko wayar nan, ki kira ta ku yi magana irin ta uwa da 'ya. Jiya Baba ya ciro agogonsa na aikin jirgin ƙasa, ya danƙa mini, ya ce in tambayi Tessa ko zai isa ladan ta ƙarasa masa littafin, don yana so ya ji ko jirgin ruwan ya kai gaɓa. Na kasa kai mata. Agogon yana nan cikin aljihuna.

Ki gaida mijinki Curtis, da Goggo Marlene idan kin leƙa ta. Baba yana sa miki albarka.

Yayarki,
Darlene