Albirka, Ba Albarka Ba

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya raba mutane dangi-dangi domin su san juna. Daga Shu'ibu ɗan fito na mashigin Haɗeja, zuwa ga Aisa, 'yar marigayi Malam Yusufu Albirka mai lambu.

Ya sanyin idona! Ya furen bado mai buɗewa da hantsi a tsakiyar fadama, ya ruwan sabon zuwa da kifi ke biyo wa da murna, ya inuwar giginya ga wanda ya wuni yana tuƙi! Gaisuwa gare ki, yawan agwagin kirinjijiya da ke sauka a tafkunan Baturiya idan ruwa ya ja baya. Na san mahaifinki ya koya miki karatu, don haka babu bakin kowa tsakanina da ke a wannan takarda. Ki karanta ta har ƙarshe, ko da kin yi rantsuwar ba za ki ƙara sauraro na ba.

Kin tuna ranar kasuwar Auyo, shekarar da ruwa ya shanye gonakin shinkafa har gindin ganuwa? Kin shigo jirgina da kwandon alkaki a ka, kika zauna can ƙarshe. Wata dattijuwa ta ce, "Matsa nan, 'yar gidan Albarka." Kika matsa mata cikin ladabi, sannan kika ce a hankali, "Albirka ne, Inna, ba Albarka ba." Mata suka kwashe da dariya, wai yarinya tana gudun albarka. Ba ki yi dariya ba, ba ki kuma yi fushi ba. Ni kuwa gwangwala ta suɓuce mini, sai da jirgi ya juya sau biyu kafin na kamo ta. Shekara goma ina fito, ban taɓa sakin gwangwala ba sai ranar. Wace irin mace ce wannan, da ke tsaron wasali guda kamar mai tsaron rumbu?

Daga baya kika gaya mini abin da kika sani game da sunan, kuma kaɗan ne. Mahaifinki ya biyo ayari daga arewa yana saurayi, ciwo ya kwantar da shi a garin nan, ayari ya wuce ya bar shi. Ya warke, ya kafa jigo a bakin kogi, ya shuka alkama da albasa, ya auri mahaifiyarki Babarbariya. Bai bar ɗa namiji ba, bai bar ɗan'uwa ba. Suna kawai ya bar miki, da wasiyyar kada ki bari a lanƙwasa shi.

Yanzu bari in faɗi laifina da bakina. Ranar da manyana suka je neman aurenki wurin kawunki Fannami, baffana ya ce, "Mun san uwa, amma uban fa? Wannan suna ba na Hausa ba, ba na Barebari ba, ba na Fulani ba. Sunan da babu mai amsa shi a duniya sai mutum ɗaya, ko na bawa ne ko na wanda ya gudo." Da aka dawo aka maimaita maganar a gabana, na sunkuyar da kai, na yi shiru. Kunyar baffa ta rufe mini baki, na bar kabarin mahaifinki ba mai kare shi. Da kika maido mini da zane da turaren da na aika, wallahi ban ga laifinki ba. Kaicona! Wanda ke ratsa kogi yana tumbatsa, ya kasa ratsa tsakar gidansu!

Shi ya sa ba ki gan ni a mashigi ba wata guda. Kano na tafi, kwana takwas a ƙafa. Na bi zaurukan Larabawa ɗaya bayan ɗaya ina tambayar asalin sunan Albirka. Mutanen Gadamus suka girgiza kai, mutanen Tarabulus suka ce in gyara bakina, Albarka nake nufi. Na ce musu abin da kika gaya wa dattijuwar nan. A rana ta biyar aka kai ni wurin wani tsoho mutumin Tunis, Sidi Hamuda, mai sayar da jajayen huluna, idonsa ya kusa tafiya. Da na faɗi sunan sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya ce, "A ina ɗan fito ya samo sunan Andalusawa?"

Ya hasken zuciyata, ga abin da ya gaya mini, ban ƙara ba ban rage ba. A hayin bahar, wato teku, arewa da ƙasar Magrib, akwai ƙasar Andalus, wadda Nasara ke kira Isbaniya. Musulmi sun zauna cikinta ɗaruruwan shekaru, suna gina tafki na dutse a cikin lambu, su tara ruwa, su sake shi kwami-kwami lokacin rani. Wannan tafki shi ne albirka da Larabci. Mutanen ƙasar suka ɗauki kalmar suna cewa Alberka, ta zama sunan garuruwa, ta zama sunan gidaje, har da gidajen Nasara. Da sarkinsu ya kori sauran Musulmi, aka zuba su a jirage, wasu suka sauka Tunis ba su da komai sai sunayensu. Ya ce a tashar jiragen Tunis wani suna wai Garsiya ya cika bakin matuƙan Isbaniya kamar yadda Audu ya cika kasuwar Kurmi, amma naku, a shekara saba'in da ya yi a duniya, sau biyu ya taɓa jin sa. A bakina ya ji na uku.

Ba zan ɓoye miki ba, ya ce ba zai rantse cewa mahaifinki daga wancan gida ya fito ba, don bai san shi ba. Amma da na ce masa mai lambu ne, mai jan ruwa da jigo, sai tsohon ya yi dariya har hawaye ya zubo masa.

Ni ma na yi kuka, Aisa, a zauren mutane, gaban baƙi. Ba don na samo miki asali ba. Tun ina hanya, wajen kwana na uku, ƙafata ta kumbura na zauna gindin wata tsamiya, na tambayi kaina: idan aka ce sunan bawa ne fa, sai ka fasa? Na ga ba zan fasa ba, ko da an ce daga bakin kura aka tsinto shi. To me ya kai ni Kano? Ashe abin da ya kamata in faɗa a tsakar gidanmu ne na tafi nema a garin wasu. Na yi kuka ne don mahaifinki ya rayu shekara talatin a cikinmu, muna cin albasarsa muna lanƙwasa sunansa, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi daga ina.

Na dawo shekaranjiya. Ban sha ruwa ba sai da na durƙusa gaban baffa na zayyana masa komai, na ƙara da cewa ko babu wannan labari, ke nake so, kuma shirun da na yi ran nan zalunci ne. Sai ya ce, "To, ashe manoman rani ne tun can." Ya ce zai koma wurin kawunki da kansa, da ƙafarsa, ya nemi gafara. Kin san baffa, wannan a wurinsa daidai yake da kwanciya a turɓaya.

Sai ga shi na ji kawunki zai koma Kukawa ranar Alhamis, kuma ke da kanki kika ce a tafi da ke. Ya kurciyar gamji, ya zumar farar ƙaya, ina za ki kai sunan da ya ƙetare bahar, ya ƙetare hamada, ya zo ya sami ruwa a nan? Wa zai ja jigon mahaifinki? Wa zai gyara bakin mutanen Haɗeja idan kin tafi? Na yi miki alkawari, Allah ne shaida: 'ya'yan da za ki haifa mini, da sunan nan za a san gidansu, ni zan fara kiran su da shi, kuma duk wanda ya karkace shi a jirgina zai ji gyara kafin mu kai gaci.

Babu hanyar gabas sai ta mashigina, kin sani. Idan kin zo ranar Alhamis da kayanki, ba zan ɓoye jirgi ba, ba zan ce ruwa ya yi ƙarfi ba. Zan shimfiɗa miki sabuwar tabarma, in ƙetare da ke lafiya, in sauke miki kaya da hannuna, don ba a tsare mace irinki da dabara. Amma ki sani, kafin mu kai tsakiyar kogi zan tambaye ki sau ɗaya ko za ki aure ni, da babbar murya, gaban kawunki da duk wanda ke cikin jirgin. Wannan karon ba zan yi shiru ba.

Naki, muddin kogin nan yana kawo ruwa, da bayan ya ƙafe,

Shu'ibu ɗan fito.