Wilin Motar Baba

Zuwa ga Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ruwan Fatakwal. Yaya aikin kamfanin mai? Mu nan Birnin Kudu sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka! Motar marigayi Baba da ke zaune kan duwatsu tun shekarar 'yancin kai, Malam Audu bakanike ya tayar da injinta. Saura wili. Na bi sawunsu: biyu suna jikin amalanken Kawu a Gwaram, ya ce in je in kwance su. Na uku Inna ke girki a kai, ta ce, "Wanda ya taɓa murhuna zai kwana da yunwa." Na huɗu yana rataye a makarantar firamare, shi ne ƙararrawarsu.

Malam Audu ya kawo sababbi masu ƙyalli daga Kano, amma hujin notinsu huɗu ne, namu biyar. Ashe wili ma dangi-dangi ne? Don Allah ka zaga wajen bakanikenku ka ƙirga mini hujin wilin da ke wurinsa, ko a dace da mai biyar.

Na je karɓo na makarantar, sai hedimasta ya ce Baba da hannunsa ya rataye shi, ya ce sadaka ce. Ka san da wannan? Ina tsaye hedimasta ya buga shi, yara suka rugo aji. Na dawo hannu wofi. In ba a samu mai huji biyar ba, mota ta ci gaba da zama, sadakar Baba ba za ta sauko ba.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Yaya Hauwa da yara.

Ƙaninka,
Isa