Turaren Wuta da Ciwon Kan Hadiza

Assalamu alaikum, Yaya Balki.

Ya gida, ya Alhaji da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Tambuwal lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kin san ciwon ɓarin kan da ke kwantar da ɗiyarki Hadiza, har ta yi amai, ta ce haske na sukar idonta. Abin da ya ɗaure mini kai, ya fi tashi ranar da babanta zai dawo daga Kebbe. Har na fara zaton tsoronsa take ji. Da munka je asibiti, malamar asibitin ta yi tambaya a kan cin abincinta da barcinta, sannan ta ce, "Kina sa ƙamshi mai ƙarfi a ɗaki?" Yaya, ranar dawowarsa nika cika gidan da turaren wuta. Na daina. Yanzu in ya taɓa ta, takan sha ruwa ta kwanta a ɗaki mai duhu, ya lafa.

Malamar ta ce ana gadonsa. Shin Inna, da take hana mu kunna turare, ta ɗaure kai tamau da kallabi, shi ke damunta? Mu kuwa muna ce mata mafaɗaciya. Allah ya jiƙanta.

Ki sa Hadiza a addu'a, ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi