Kafson Baba da Furar Inna

Utai, Juma'a

Zuwa ga ɗiyata Radiyya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan karatu na tafiya daidai. Innarki tana gaishe ki. Wayata ta faɗa rijiya, shi ya sa na ba Yahuza direba wannan takarda, tunda zai shigo Wudil cin kasuwa.

Tarin nan ya ƙi sakina. Likita ya ba ni kafso mai ja da rawaya, na kwafo miki sunansa daga kwali: tetracycline. Kwana shida ina sha, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Ga ciyawa ta fara fin gerona tsawo, ni kuwa fartanya ta fi ƙarfina. In ban tashi da wuri ba, gonar bana ta tafi. Ke da kike karatun sinadarai a jami'a, in zubar da shi ne? Kada ki damu da cikina, Innarki ba ta barin kafso ya wuce sai da fura da nono mai kauri.

Mahaifinki,
Ɗantani

Wudil, Asabar

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta takardarka hankalina ya tashi, da na kai kan fura kuma dariya ta kama ni.

Baba, maganin ba shi da laifi. Aikinsa shi ne ya hana ƙwayoyin cuta gina jikinsu. Amma akwai wani sinadari a cikin nono, wanda ke ƙarfafa ƙashi. Da sun haɗu a ciki sai su rungume juna, hanji ya kasa tsotsar maganin, ya wuce bai yi komai ba. Kanwa ma haka take yi masa. Da ruwa ake shan sa, a bar awa biyu tsakaninsa da nono.

Kuma kada ka raina shi. Malama Rejoice ta koya mana cewa wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa ne ke yin sa. A manyan tankuna ake kiwon su, ana ciyar da su da sukari da ruwan masara, sannan a tace maganin.

Don Allah ka koma wurin likita ka faɗa masa komai. Na yi mamaki da bai gargaɗe ka ba.

Ɗiyarka mai biyayya,
Radiyya

Utai, Talata

Radiyya,

Bayan gaisuwa. Ashe kafson nan ɗan ƙasa ne mai cin masara! To ai ɗan'uwana ne manomi, mun shirya.

Kada ki ɗauki alhakin likita. Ya gargaɗe ni, har sau biyu. Ni ne na ƙi faɗa wa Innarki. Shekara talatin da huɗu Innarki tana dama mini fura kowace safiya, ko ranar da aka haife ki sai da ta sa aka dama. Da wane baki zan ce mata ta ɗauke ƙwaryarta? Na ce a raina ai ciki ba ya kai ƙara. Ashe yana da wakiliya a Wudil.

Jiya na koma, likita ya yi mini faɗa kamar ɗan firamare, ya sake ba ni wani zubin. Saura Innarki, yau zan faɗa mata. Ki taya ni addu'a.

Mahaifinki,
Ɗantani

Utai, Juma'a, bayan kwana goma

Radiyya, ɗiyar kirki,

Muna lafiya, tari ya tafi, na gama noman fari jiya.

Na faɗa wa Innarki komai. Da ta gama ji sai ta ce, “Malam, kai na aura ko fura?” Daga nan ta karɓe agogona ta ɗaura a hannunta. Ko ludayi na taɓa sai ta duba shi.

Magani ya ƙare, agogo bai dawo ba. Ga furarki nan a hannun Yahuza, ta ce ki sha da safe.

Mahaifinki,
Ɗantani